Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Wa Ke Ɗauke da Nauyin Tseren Formula 1?

Ranar 19 ga Yulin 2020, ana dab da tashin tseren ƙasar Hangari, Max Verstappen ya fito da motarsa daga gareji zai kai ta layin tashi. An yi ruwa, kwalta tana da santsi. A wata kwana kusa da ƙarshen zagaye motar ta ƙwace masa, ta je ta daki shinge. Fiffiken gaba ya karye, sandunan da ke riƙe tayar gaba ta hagu suka lalace. Ya lallaba ya kai ta layi a haka. Gyaran da take buƙata, a ranar da babu gaggawa, aikin sa'a ɗaya da rabi ne. Kanikawan Red Bull suka durƙusa a kan kwalta a gaban kyamarorin duniya, suka gama shi cikin kimanin minti 20, suka ɗaura taya saura 'yan daƙiƙoƙi wa'adi ya cika. Verstappen ya tashi a matsayi na bakwai, ya ƙare na biyu.

Duk mai bin wannan wasa ya san sunan direban da ya yi kuskuren. Da wuya a sami wanda zai kawo sunan mutum ɗaya cikin waɗanda suka gyara ɓarnar. Wannan kaɗai bai isa ƙorafi ba, domin kowace sana'a tana da na gaba da na baya. Abin ƙorafin yana cikin wata doka da aka tabbatar watanni biyu kafin ranar, wadda ta ƙayyade yawan kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a shekara. Masu rubuta dokar sun sa albashin waɗancan kanikawa a cikin lissafin da aka ƙayyade, suka tsame albashin direba da na manyan shugabanni. A shekarun da suka biyo baya an ƙara yawan tsere, darajar ƙungiyoyi ta ninka, masu hannun jari suka fara kwasar ribar da ba a taɓa gani ba a tarihin wasan. Mutanen gareji da na masana'anta kuwa, su aka bari a ƙarƙashin rufin da ba ya ɗagawa. An ceto Formula 1 daga durƙushewa, amma da gumin waɗanda ba su da kujera a wurin da ake yanke hukunci.

Ƙungiyar tsere masana'anta ce

Mai kallon talabijin yana ganin motoci biyu masu launi ɗaya, ya ɗauka ƙungiyar ke nan. Abin da ke bayansu kamfanin ƙere-ƙere ne. A sauran wasannin mota da yawa ana sayen mota ne a shiga tsere. A Formula 1 doka ta wajabta wa kowace ƙungiya ta zana, ta mallaki zanen muhimman sassan motarta, musamman gangar jiki da duk sassan da ke sarrafa iska. Saboda haka manyan ƙungiyoyi suna da ma'aikata sama da 1,000, ƙananan kuma ɗaruruwa. Mercedes tana Brackley, Red Bull tana Milton Keynes, McLaren tana Woking, Williams tana Grove, Aston Martin tana Silverstone, duk a Ingila. Ferrari tana Maranello a Italiya. A waɗannan garuruwa akwai masu zane a kwamfuta, da masu shimfiɗa zaren kabon falle a kan falle da hannu kafin a gasa shi, da masu sarrafa injinan sassaƙa ƙarfe da ba sa tsayawa dare da rana, da masu gwada ƙaramin samfurin mota a ɗakin gwajin iska, da masu lissafin dabarun tsere waɗanda ranar Lahadi suke zaune a masana'anta suna magana da filin da ke wata nahiya.

Waɗanda doka ta yarda su taɓa aikin mota a filin tsere kimanin mutum 60 ne a kowace ƙungiya. Cikinsu ne ake ɗebo kusan 20 da ke canza taya. A Katar, a 2023, mutanen McLaren sun canza wa Lando Norris tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80, kuma ba a taɓa yin wanda ya fi shi sauri ba kafin lokacin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne canza taya ba shi ne aikinsu na asali ba. Kanikawa ne da masu kula da taya da masu haɗa gareji, waɗanda suka iso tun farkon mako suka sauke kaya, suka kafa bango da fitilu da kwamfutoci, suka haɗa motoci, kuma su ne za su kwance komai daren Lahadi bayan kowa ya watse.

Kuɗi ma bin masana'anta suke yi. Akwai kambu biyu a kowace kaka, na direbobi da na masu ƙera mota. Jama'a sun fi damuwa da na farko, amma rabon kuɗin gasa, wanda ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, yana bin matsayin ƙungiya ne a jerin masu ƙerawa. Hawa ko sauka da mataki ɗaya a wannan jeri miliyoyin daloli ne.

Labarin Williams ya isa misali kan yadda abin da ke ɓoye yake hukunta abin da ke fili. A 2019 ƙungiyar ta rasa kwanaki biyu na farkon gwajin kaka domin motarta ba ta haɗu ba. Da James Vowles ya karɓi shugabancinta a 2023, ya bayyana cewa ya tarar ana bibiyar sassan mota kusan 20,000 a cikin jadawalin Excel guda ɗaya, wanda ba ya nuna inda sashe yake, ko nawa ya ci, ko yaushe za a gama shi. A Ostareliya, a 2024, Alex Albon ya farfasa motarsa a atisaye, ƙungiyar ba ta da gangar jiki ta ajiya, sai aka karɓe motar Logan Sargeant aka ba shi. Direba lafiyayye ya zauna yana kallon tsere saboda matsalar da ta samo asali a rumbun kaya watanni kafin ranar. Gwanintar direba tana da tasiri, amma iyakarta abin da masana'anta ta miƙa masa.

Dalilin da ya sa aka kafa iyaka

Adalci ne a faɗi cewa dokar iyakance kashe kuɗi ta zo ne don magance cuta ta gaske. Kafin ta, Mercedes da Ferrari da Red Bull kowacce tana kashe sama da dala miliyan 400 a shekara, ƙananan kuma suna fafutuka da abin da bai kai rabin haka ba. Wanda ya fi kuɗi shi ke ƙera fiffike biyar ya zaɓi ɗaya, wanda ba shi da su ya ƙera ɗaya ya yi addu'a.

Sakamakon haka gawarwaki ne. A Disambar 2008 kamfanin Honda ya janye daga gasar. Ross Brawn ya sayi ƙungiyar a kan fam ɗaya, ya sallami ma'aikata 270 cikin 700 kafin ta iya tsayawa da ƙafarta. A 2010 sababbin ƙungiyoyi uku suka shigo bisa alƙawarin cewa za a ƙayyade kashe kuɗi a kan fam miliyan 40. Manyan ƙungiyoyi suka yi barazanar ɓallewa, aka jingine alƙawarin, aka bar baƙin a tsakiyar kogi. HRT ta mutu a 2012. Caterham ta faɗi a 2014, har sai da aka yi bara a intanet kafin ta halarci tseren ƙarshe a Abu Dhabi, kuma an sallami ma'aikatanta sama da 200. Marussia, wadda ta koma Manor, ta rufe a Janairun 2017, mutum sama da 200 suka rasa aiki. A 2018 direba Sergio Perez ne da kansa ya kai Force India kotu domin a karɓe ta daga hannun masu ita kafin ta ruguje, matakin da ya tsirar da ayyuka kusan 400.

A duk waɗannan faɗuwa, mai gareji ne ya fara shan wuya. Saboda haka babu mai kishin ma'aikata da zai yi fatan a koma zamanin kashe kuɗi ba ƙaidi. A 2019 aka amince da iyakar dala miliyan 175. Da annobar korona ta zo aka rage ta zuwa miliyan 145 domin kakar 2021, sannan 140 a 2022, sannan 135 a 2023, tare da ɗan ƙari saboda hauhawar farashi da ƙarin tsere. Kuma ta yi aiki. Tun da aka kafa ta babu ƙungiyar da ta rufe. McLaren, wadda ta fara kakar 2023 a can ƙasa, ta ɗauki kambun masu ƙerawa a 2024, karo na farko tun 1998. A wannan kaka direbobi bakwai daga ƙungiyoyi huɗu suka ci tsere. Babu gardama kan cewa iyaka tana da amfani. Gardamar tana kan wa aka sa a ciki da wa aka tsame.

Waɗanda aka tsame

Dokar ta lissafa abubuwan da ba su shiga iyaka ba. Wasu suna da hujja, kamar kuɗin talla, da na jirgi da masauki, da hutun haihuwa. Biyu daga ciki kuwa su ne zuciyar al'amarin: albashin direbobi, da albashin mutum uku da suka fi kowa ɗaukar kuɗi a ƙungiya. Waɗannan ukun galibi su ne shugaban ƙungiya da manyan daraktocin fasaha. Ma'ana, mutanen da suka zauna suka yi cinikin dokar a madadin ƙungiyoyinsu sun fitar da kansu daga cikinta.

Lissafin a bayyane yake. A kakar 2023, ƙungiya tana da dala miliyan 135 da 'yan kai. Daga ciki za ta sayi kabon da ƙarfe, ta ƙera sababbin sassa, ta maye gurbin duk abin da direba ya fasa, ta kuma biya kowa daga mutum na huɗu zuwa na dubu. Duk dalar da aka ƙara wa mai shimfiɗa kabon, dala ce da aka rage wa saurin mota. Shugaban da ya ƙara wa kanikawansa albashi ya sa motarsa a baya da hannunsa, kuma abokan hamayyarsa za su gode masa. Doka ta mayar da kyautata wa ma'aikaci laifi ga gasa. A lokaci guda, jaridu suna ƙiyasta abin da manyan direbobi irin su Verstappen da Lewis Hamilton ke karɓa da sama da dala miliyan 50 a shekara kowannensu. Wato mutum ɗaya yana ɗaukar abin da ya fi kashi ɗaya cikin uku na duk kuɗin da aka yarda a kashe wa mota da mutum dubu a 2023, kuma ko sisi daga ciki ba a lissafawa.

An taɓa kawo shawarar a ƙayyade albashin direbobi biyu na kowace ƙungiya a kan dala miliyan 30. An tattauna ta a 2020, direbobi suka nuna ba su yarda ba, maganar ta bi ruwa. Direbobi suna da ƙungiyarsu ta GPDA wadda aka fara kafawa a 1961, suna da wakilai da lauyoyi, suna da makirufo a gabansu kowane mako. Kanikawa ba su da kwatankwacin ko ɗaya daga cikin waɗannan a teburin da ake tsara dokokin gasar.

Ɓarnar hatsari ma a cikin iyaka take. Da Mick Schumacher ya farfasa motar Haas a Jidda a 2022, shugaban ƙungiyar na lokacin, Guenther Steiner, ya ƙiyasta asarar da abin da zai iya kaiwa dala miliyan ɗaya. Albashin direban da ya yi hatsari ba ya cikin asusun da za a ciri kuɗin gyara. Albashin wanda zai kwana yana gyarawa yana ciki.

Shari'ar Red Bull ta ƙara fito da wannan fili. A Oktoban 2022 hukumar FIA ta tabbatar cewa ƙungiyar ta zarce iyakar 2021 da kusan fam miliyan 1.9, ta ci ta tarar dala miliyan 7, ta kuma rage mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwajin iska. Cikin abubuwan da hukumar ta ce an yi kuskuren lissafa su har da kuɗin abincin ma'aikata. Masu barkwanci sun yi ta dariya a kan haka. Amma wanda ya natsu zai ga abin da ke ƙasa: a tsarin da aka gina, tuwon ma'aikaci yana gogayya da fiffiken mota a cikin asusu guda.

Adrian Newey, wanda ya zana motocin da suka ci kambu a Williams da McLaren da Red Bull, kuma wanda shi kansa yana cikin rukunin da aka tsame, ya yi gargaɗin cewa iyakar ta sa Formula 1 ta daina zama wurin da ya fi biyan injiniyoyi, har matasa masu basira suna ficewa zuwa kamfanonin fasaha. Hukumar ma ta amsa da aikinta cewa albashi ne inda takalmin ke matsi. Da Audi ta sayi Sauber, wadda ke Hinwil a Siwizalan inda albashi ya fi na Ingila tsada, sai aka shigar da sassauci a dokar 2026 ga ƙungiyar da ke ƙasa mai tsadar albashi. Da babban kamfanin mota ya koka, an sami hanya. Ashe dokar tana lanƙwasuwa, ya danganta ne da wanda ya taɓa ta.

Jadawalin da ba ya ƙoshi

Da a ce aiki ya tsaya yadda yake, da matsin albashi ya zo da sauƙi. Kakar farko ta gasar, a 1950, tsere bakwai ce. A shekarun 1990 ana yin 16 ko 17. A 2012 aka kai 20. A 2024 aka yi 24, daga ranar 2 ga Maris a Bahrain zuwa 8 ga Disamba a Abu Dhabi, ban da gajerun tsere shida na ranar Asabar da aka ƙara a wasu makonni.

A 2018 aka fara gwada tsere uku a makonni uku a jere, a Faransa da Ostiriya da Ingila. Ƙungiyoyi suka fito a galabaice suka ce kada a sake, kuma ba a sake ba a 2019. Korona ta dawo da shi a 2020 a matsayin larura. Larurar ta wuce, al'adar ta zauna. A ƙarshen 2024 ma'aikata sun yi Amurka da Meziko da Birazil a jere, suka ɗan numfasa, sannan suka yi Las Vegas da Katar da Abu Dhabi a jere.

Direba yana isowa Laraba ko Alhamis, manyansu a jirgin kansu, ya tafi da yammacin Lahadi. Bakanike yana isowa tun farkon mako, galibi a kujerar talakawan jirgi, ya bar fili bayan an ɗaure akwati na ƙarshe. Idan makonni uku ne a jere, kusan wata guda ke nan bai ga iyalinsa ba. Abin da ya faru a Las Vegas a Nuwambar 2023 ya nuna yadda ake auna darajar barcinsa. Minti takwas da fara atisayen farko, motar Carlos Sainz ta taka murfin bututun ruwa da ya ɓalle daga kwalta, ƙasan motar ya farfashe. Aka dakatar da komai domin a duba sauran murafai. Atisaye na biyu bai fara ba sai ƙarfe 2:30 na dare, ya ƙare ƙarfe 4 na asuba, bayan an sallami 'yan kallo. Kanikawan Ferrari sun sake gina mota a tsakanin. Mako na gaba dukkansu suna Abu Dhabi, inda bambancin agogo da Las Vegas ya kai sa'a 12.

Gajiya a wannan aiki haɗari ce ga jiki. A Bahrain, a 2018, an saki motar Kimi Raikkonen kafin a gama canza tayar baya, ta take wani bakaniken Ferrari, ta karya masa ƙafa a ƙashi biyu. An ci ƙungiyar tarar yuro 50,000. Mutanen da ke tsayawa a gaban mota mai shigowa da gudun kilomita 80 a sa'a, suna aikin da ake auna shi da ɓangaren daƙiƙa, su ne ake ƙara wa makonni ana rage musu barci.

Akwai dokokin kariya, kuma ya kamata a ambace su. Tun 2011 akwai sa'o'in dare da aka hana ma'aikata zama a gareji. Akwai hutun dole na kwana 14 a lokacin bazarar Turai, da wani gajere a ƙarshen Disamba. Wasu ƙungiyoyi suna karɓa-karɓa tsakanin ma'aikata. Sai dai karɓa-karɓa tana buƙatar ƙarin mutane, ƙarin mutane kuma albashi ne, albashi kuma yana cikin iyaka. Maganin da kowa ke ambata, dokar kuɗi ce ta sa masa tsada. A 2021, da aka tambayi Franz Tost, shugaban AlphaTauri a lokacin, kan nauyin jadawali, ya ce ya kamata mutane su yi murna da samun aiki a Formula 1, wanda bai so kuma ya tafi. Ya faɗi a fili abin da tsarin yake faɗa a ɓoye.

Inda ribar take sauka

Kamfanin Liberty Media na Amurka ya karɓi harkar kasuwancin gasar a Janairun 2017. Shirin Drive to Survive na Netflix ya fara a 2019, ya jawo sababbin 'yan kallo. Kuɗin shigar gasar ya haura dala biliyan 3 a 2023. Kowane ƙarin tsere kuɗi ne daga gwamnati ko attajirin da ya ɗauki baƙuncinsa, ƙungiyoyi kuma suna da kaso.

Idan kuɗin shiga yana hawa, aka kuma ɗaure kuɗin fita da doka, abin da ke tsakani riba ce. Ƙungiyar tsere, wadda a da rami ce da attajirai ke zuba kuɗi, ta zama kadara. A Agustan 2020 an sayar da Williams gaba ɗayanta a kan yuro miliyan 152. Ba a cika shekara uku ba, a Yunin 2023, aka sayar da kashi 24 cikin 100 kacal na Alpine a kan yuro miliyan 200. Ƙungiyar Mercedes ta bayyana ribar sama da fam miliyan 80 a 2023. Ƙungiyoyin da ke ciki sun kuma gina katanga: duk mai son shigowa sai ya biya su diyyar dala miliyan 200, kuma da aka amince wa Cadillac ta shigo a 2026, kuɗin ya koma miliyan 450.

Wannan daraja ba daga sama ta faɗo ba. Babban ginshiƙinta tabbacin da mai saka jari yake da shi cewa kuɗin gudanarwa ba zai wuce wani adadi ba, kuma kaso mai tsoka na kuɗin gudanarwa albashi ne. Abin da aka hana ma'aikaci shi ne ya koma darajar hannun jari.

Hujjojin masu kare tsarin

Hujja ta farko ita ce direba na musamman ne, rayuwarsa yake sa wa a haɗari, shekarun aikinsa kaɗan ne, kuma shi jama'a ke biya su kalla. Duk gaskiya ne, kuma babu mai cewa a biya shi daidai da mai ɗaura taya. Amma idan manufar iyaka ita ce hana mai kuɗi sayen nasara, to direba da babban mai zane su ne abubuwa mafi tsada da ake saya domin nasara. Dokar da ta ƙayyade kuɗin ƙusa ta bar kuɗin Newey a sake ta toshe ƙaramar ƙofa ta bar babba a buɗe.

Hujja ta biyu ita ce idan aka fitar da albashin ma'aikata daga iyaka, manyan ƙungiyoyi za su ɗebi mutum dubu biyu, a koma gidan jiya. Wannan damuwa ce mai tushe, amma gasar ta riga ta san maganinta. Tana ƙayyade yawan mutanen da ke aiki a fili da ƙidayar kawuna. Tana ƙayyade gwajin iska da ƙidayar sa'o'i, har tana ba ƙungiyar da ta zo ƙarshe kashi 115 cikin 100, zakara kuma kashi 70. Hukumar da ke iya ƙirga sa'o'in fanka tana iya ƙirga ma'aikata. A ƙayyade yawansu, a saki farashinsu, sai ƙungiyoyi su yi gogayya wajen biyan gwani maimakon gogayya wajen matse shi.

Hujja ta uku ita ce ta Tost: babu wanda aka tilasta, kuma dubban matasa suna layi. Wannan ita ce hujjar duk mai cin moriyar sha'awar wasu. Kasancewar mutum yana ƙaunar aikinsa ba ta halatta a biya shi da ƙaunar ba. Kuma layin matasa ba ya maye gurbin hannun da ya shekara goma yana abu ɗaya.

An ɗaga iyakar zuwa dala miliyan 215 domin 2026, amma mafi yawan ƙarin ya zo ne daga shigar da wasu kuɗaɗen da a da ake lissafa su daban, tare da hauhawar farashi. Direbobi da manyan uku suna nan a waje. Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin hukuma ba: a shigar da na sama cikin lissafi ko a sa haraji kan abin da ya wuce wani adadi, a ware kuɗin ma'aikatan karɓa-karɓa daga iyaka, a sa adadin tseren da bakanike ɗaya ba zai wuce ba a shekara, a hana makonni uku a jere tsakanin nahiyoyi, a kuma ba ma'aikata wakili a inda ake amincewa da jadawali.

A kakar 2009, bayan sallamar da Brawn ya yi, cikin waɗanda suka tafi har da mutumin da ya ƙware wajen zuba wa mota mai a tsakiyar tsere. Ya koma sana'ar gyaran famfo. Da aka fara kaka, ƙungiyar ta ga tsayawarta tana cin daƙiƙoƙin da ba ta saba ba, sai ta neme shi ta roƙe shi ya riƙa zuwa a ƙarshen mako. Jenson Button ya ci shida cikin tsere bakwai na farko, ƙungiyar ta ɗauki kambu biyu, aka sayar da mafi yawanta ga Mercedes a Nuwamba. Brawn ya gane kuskurensa cikin 'yan makonni domin agogo ya nuna masa. Masu gasar yau suna da agogon da ya fi nasa kyau, kuma ranar da gwanayen gareji suka gaji suka koma gyaran famfo, shi ne zai fara gaya musu.